Buhu 40 da sunan admin: yadda sunan ma'aikaci ke ɓacewa tsakanin saba da saba

Wurin da abun da na tarar

Wani dillalin taki da iri ne a cikin Katsina, babban shagonsa na wajen Babbar Kasuwa, yana da rassa uku, Daura, Funtua da Malumfashi, ma'aikata 23 gaba ɗaya in an haɗa da manaja. Ni ba ma'aikacinsa ba ne, kirana ake yi in abu ya kwaɓe, akwai wani matashi da ke kula masu da kwamfutoci kullum, shi ne ma ya fara nemo ni.

A saman benen shagon akwai wani ɗan ɗaki mai fanka ɗaya da inbata, injina uku ne a ciki, su ake kira saba, wato kwamfutocin da ke riƙe da manhajoji suna amsa wa sauran. Na farko sabo ne, shi ke ɗauke da nginx wanda ke tsaye a ƙofa yana karɓar duk abun da ya shigo daga intanet, a kansa kuma akwai manhajar shiga da aka rubuta da Django, wani kayan gina manhajar intanet, ita ke riƙe da sunayen ma'aikata da faswod ɗinsu. Na biyu tsohuwar kwamfutar tebur ce mai ɗauke da manhajar sito, da harshen PHP aka rubuta ta, tana aiki a kan manhajar saba mai suna Apache, wanda ya rubuta ta tuni ya bar gari. Na uku sabar lissafi, inda ake rubuta bashi da biya.

To in ma'aikaci a Daura ya ba manomi kaya bashi, saƙon zai taso daga wayarsa ko burawzarsa ya faɗo wa nginx, nginx ya miƙa wa sito, sito ya rage buhunan sannan shi da kansa ya kira sabar lissafi ya ce a rubuta bashin. Zango biyu kenan bayan ƙofa. Ma'aikacin a ƙofar farko kaɗai ya nuna kansa, ita kuma HTTP, hanyar da burawza da saba ke magana, ba ta tuna baya, kowace buƙata sabuwa ce fil, in ba a ɗora sunan mutum a kanta ba sabar da ke baya ba ta da hanyar sanin wa ya aiko. Wanda ya haɗa tsarin tun farko ya bi hanya mai sauƙi, ya ba sito akawun guda ɗaya mai suna admin, da shi yake magana da lissafi ko wa ya danna.

Janairu: farkon maganar

Ƙarshen watan Janairu ana ƙididdigar kaya aka ga an fitar da buhu 40 na yuriya bashi a reshen Daura, manomin da aka rubuta sunansa ya rantse bai karɓi ko tiya ba. Aka buɗe lissafi, wajen wanda ya rubuta an sa admin. Mutum huɗu ke aiki a reshen, kowa ya ce ba shi ba ne.

Ranar da na je Alhaji mai shagon na zaune da takardar a hannu, ko gaisuwa bamu ƙarasa ba ya ce, "Malam, wane ne admin ɗin nan? A kira mani shi."

Na ce ranka ya daɗe admin ba mutum ba ne, suna ne da injin ke amfani da shi.

"To injin ya ɗauki takin ya kai gona?"

Muka duba rajistar nginx, ta nuna mana lokaci da adireshin intanet ɗin da saƙon ya fito, amma duka huɗun waya-fai ɗin reshe ɗaya suke hawa, adireshi ɗaya kenan. Manhajar shiga ta nuna mutum uku na ciki a wannan awa. Iyakar abun da muka iya samu kenan. Buƙatar Alhaji guda ɗaya ce, daga yau duk layin da aka rubuta a lissafi ya fito da sunan wanda ya yi shi.

Fabrairu: tura kukin yadda yake

Matashin nan ya ce shi zai gwada tukunna, na ce bismillah. Dabararsa ita ce tunda burawza na aiko da kukin shiga, 'yar shaidar da burawza ke ajiyewa bayan mutum ya sa faswod, wato sessionid na Django, sito ya ɗauke shi ya tura wa lissafi, lissafi kuma ya tambayi manhajar shiga na wane ne wannan. Kwana shida ya yi a kai kuma ya yi aiki, a burawza dai.

Bayan sati guda muka ƙirga, kusan kashi ɗaya cikin uku na sababbin layuka har yanzu admin ne. Ashe 'yan rassa da manhajar waya suka fi aiki, ita kuma ba kuki take aikowa ba, tokin, wata irin shaidar shiga, take sakawa a hedar Authorization (heda layin bayani ne da ke saman kowace buƙata), kuma Apache in yana miƙa wa PHP aiki ta hanyar da ake kira FastCGI ba ya wuce da wannan heda sai an ce masa CGIPassAuth On, umarnin da ya shigo tun 2.4.13. Wannan layi ɗaya ne, an gyara. Abun da ya fi tsaya mini a rai shi ne dalilin da ya sa ba a ga kuskure ba tsawon sati, a cikin kod ɗin sito akwai wajen da ke cewa in ba a samu suna ba a yi amfani da admin, wato maimakon ya yi ihu sai ya rufa wa kansa asiri ya ci gaba da aiki.

Sai kuma na buɗe wani fayil da matashin ya ƙirƙira don bibiyar kurakurai, na tarar da kukin kowa a jere, har da na manaja. Kukin Django in ba a taɓa saitinsa ba sati biyu yake yi da rai, duk wanda ya kwafe shi ya zama mai shi har sati biyun, zai iya canza farashi, zai iya yafe bashi. Sito da aikinsa rage buhu ne kawai an damƙa masa makullin gidan gaba ɗaya. Muka goge fayil ɗin, muka fitar da kowa daga shigarsa, aka ajiye wannan hanya. Ya so ya kawo shawarar a ajiye faswod ɗin mutum a ɓoye a rinƙa turawa, wannan ko tattaunawa bamu yi ba.

Maris, cikin azumi: nginx ya tambaya, ya rubuta sunan a heda

Nan na shigo da hannuna. nginx na da wani sashe da ake kira auth_request, tun 1.5.4 yake nan. Kafin ya wuce da kowace buƙata sai ya yi wata 'yar ƙaramar tambaya gun manhajar shiga, in amsa ta zo da lambar 200 da 'yan uwanta, wato an yarda, ya wuce, in 401 ko 403 ce ya tare, in wata lamba ce daban ya ɗauke ta a matsayin kuskure. Manhajar shiga ta dawo da sunan mutumin a cikin amsarta, mu kama shi da auth_request_set, mu liƙa shi a heda zuwa sito, sito ya liƙa wa lissafi. Ba kuki ba faswod, suna ne kawai ke tafiya.

Abubuwa biyu suka ci mana lokaci, dukansu na ban haushi.

Na farko sunan hedar. Mun sa mata X_User da ƙaramin layin ƙasa, nginx na turawa, PHP ba ya gani. Daga bayan la'asar har aka kira magariba muna abu ɗaya, a ɗakin muka sha ruwa da kunu da ƙosai da aka aiko daga ƙasa, sai bayan tarawi na tuna Apache 2.4 jefar da irin wannan heda yake yi shiru in zai mayar da ita abun da PHP ke karantawa. Shi ma nginx haka yake wa masu shigo masa sai an kunna underscores_in_headers. Da gangan suka yi haka, don X-User da X_User in sun isa wajen manhaja suna ɗaya suke komawa, HTTP_X_USER, wani zai iya fakewa da ɗaya ya danne ɗayar. Muka mayar da ita X-Forwarded-User ta wuce lafiya.

Na biyu gado. Muna da layukan proxy_set_header, masu liƙa heda, a sama na Host da X-Forwarded-Proto, mai gaya wa manhajar baya ko ta https aka zo, da muka ƙara layi ɗaya tak a cikin wani location, wato sashen saitin nginx na wasu shafuka, sai shafi ya kama juyawa yana komawa kansa har burawza ta gaji. Ƙa'idar nginx ita ce location na gadon waɗannan layuka ne kawai in shi ba shi da nasa ko ɗaya, da ka rubuta guda na saman duk sun zube. X-Forwarded-Proto ta ɓace, manhajar baya ta zaci ba ta https aka zo ba, ta ce a koma https, aka dawo ta sake faɗin haka. Muka zuba layukan a fayil ɗaya muna jawo shi da include a kowane waje.

Kafin sallah komai ya zauna, layin admin mun cire shi, sati biyu cur kowane bashi na fita da sunan mutum. Alhaji har ya aiko mini da shadda.

Afrilu: abun da ɗalibin nan ya nuna mana

Akwai wani ɗalibi da ya zo sanin makamar aiki na wata shida, yaro ne mai shiru-shiru, galibi rasit yake bugawa. Wata Talata ya hau sama ya ce, "Oga dan Allah in nuna maka wani abu, amma kar a ce na yi laifi." Ya buɗe laftof ɗinsa a kan waya-fai ɗin shago, wanda ko masu dako sun san faswod ɗinsa, ya rubuta wannan umarnin na curl, mai tura buƙata kai tsaye ba tare da burawza ba:

curl -H "X-Forwarded-User: manaja" http://192.168.1.20:8080/rahoto

Rahoton manaja ya zubo, ribar wata da sunayen masu bashi da komai. Bai shiga da sunan kowa ba, bai san faswod ɗin kowa ba, ya kewaye nginx ne ya je wa sito kai tsaye ta ƙofar 8080 ya ce ni ne manaja, sito kuma ya ce to. Wallahi sai da na ji zufa ta keto mini duk da fankar, don ni na haɗa abun.

Da muka zauna bincike muka ga rami na biyu wanda ya fi wannan muni. Akwai wani location na hotunan rasit da aka bari ba auth_request don ya yi sauri, kuma nginx in ba ka hana shi ba duk hedar da mutum ya aiko wuce da ita yake yi zuwa baya. Kenan ba sai kana cikin shago ba, daga ko'ina a duniya za ka iya rubuta hedar da hannunka ka turo ta wannan hanya. Sa'ar da muka ci shafuka biyu kaɗai ke ƙarƙashinsa kuma babu mai rubuta komai a cikinsu. Sabar lissafi ita ma haka take, ƙofarta a buɗe, duk wanda ya zo da suna ta yarda.

A daren muka yi gyaran gaggawa. Fayawol, katangar da ke tace masu shiga inji, a kan sito ya daina karɓar kowa sai injin nginx, lissafi sai daga sito da nginx, aka raba waya-fai ɗin baƙi da layin sabobin, sannan a kowane location muka sa nginx ya rubuta hedar da kansa, inda babu suna ya sa mata "" wanda ke nufin kar ma a tura ta. Muka bi rajistar sati biyar baya layi-layi, bamu ga alamar wani ya riga yaron ba.

Wannan ya toshe ramin amma hankalina bai kwanta ba. Duk tsaron ya rataya ne a kan kar wani ya manta layi ɗaya a saiti, ga shi mu da kanmu mun manta sau biyu cikin wata guda. Kuma tsohon sito ɗin nan da ba wanda ya san duk abun da ke cikinsa, in aka samu kansa zai iya ce wa lissafi shi kowa ne.

Mayu: takarda mai hatimi

Abun da muka koma kai shi ne maimakon suna tsirara, manhajar shiga ta rinƙa ba da 'yar takarda mai sa hannu, JWT kenan, tsarinta na cikin RFC 7519 na 2015. Duk sanda nginx ya yi tambayarsa, amsar na dawowa da sabon tokin mai ɗauke da sub wato wane ne, aud wato wa aka rubuta wa, da exp wato yaushe zai mutu. Mun ba shi daƙiƙa 60. nginx ya sa shi a Authorization zuwa sito, ya cire Cookie gaba ɗaya, burawza kuma ba ta taɓa ganin tokin ɗin, a cikin ɗakin sama yake rayuwa ya mutu.

Mun yi gardama da matashin kan irin sa hannun. Shi HS256 yake so don sauƙi, sirri ɗaya kowa ya riƙe. Na ce masa mai iya dubawa da wannan sirri shi ma zai iya bugawa, ka ba sito hatimin kenan. Muka ɗauki RS256, makullin sirri na wajen manhajar shiga ita kaɗai, sito da lissafi na riƙe da na fili wanda dubawa kawai yake yi. A kod ɗin dubawar kuma mun kafe cewa RS256 kaɗai ake karɓa, ba abun da tokin ya faɗa da bakinsa ba, don an sha cin mutane da tokin da ke cewa alg ɗinsa none ne, wato ba shi da sa hannu.

Zango na biyu shi ne asalin ciwon tun Janairu. Tokin ɗin da sito ya karɓa an rubuta aud ɗinsa sito, in ya miƙa shi haka lissafi zai ƙi, kuma haka muke so. Sai sito ya koma wa manhajar shiga da tokin ɗin a hannu, tare da shaidar kansa, ya ce a canza mini da na lissafi. A ba shi sabo mai sunan ma'aikacin a sub, da wani fili act da ke cewa sito ne ke aiki a madadinsa, izininsa kuma rubuta bashi kawai. Wannan musaya RFC 8693 ta 2020 ta tsara ta, mu ɗan abun da muke buƙata muka ɗauka. Amfaninsa sito ba zai iya ƙirƙiro sunan manaja ba sai in manajan da gaske ya aiko da buƙata cikin minti ɗayan nan.

Nan ma mun sha tuntuɓe biyu. Ranar farko kowa na aiki lafiya banda manaja, shi kaɗai ke samun kuskure, rajistar nginx na cewa upstream sent too big header. Mun cusa duk izininsa a cikin tokin ne, sun yi yawa har hedar ta wuce ma'ajin proxy_buffer_size wanda 4k ko 8k ne in ba a taɓa ba. Bamu ƙara ma'ajin ba, mun rage tokin ɗin, matsayi da reshe kawai ya rage a ciki.

Na biyun ya fi ban dariya yanzu da ya wuce. Wata Asabar da safe, sati na uku a Mayu, manoma sun fara layin kamfa, aka kira ni wai komai ya tsaya, 401 ko'ina. An ɗauke wuta tun dare, batirin inbata ya ƙare, da aka tada janareto tsohuwar kwamfutar sito ta farka da agogon shekarun baya saboda ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke kan babban allon cikinta ya mutu. A wajenta duk tokin da ya zo daga gaba yake, lokacinsa bai yi ba. Awa biyu da rabi ana rubuta rasit da biro. Muka canza batirin, muka sa chrony mai daidaita agogo a injinan uku, muka hana Apache tashi sai agogo ya daidaita, muka bar sassaucin daƙiƙa 30 wajen duba lokaci.

Yuni: yadda aka fita

Damina ta kankama da tsarin a haka. A Yuni babu layi ko ɗaya a lissafi da ya fito ba suna, akawun ɗin admin mun kashe shi, aikin dare da ke haɗa rahoto ba tare da mutum ba an ba shi nasa akawun mai karatu kawai. Tambayar da nginx ke yi da musayar tokin sun ƙara kamar milisakan 30 a kan kowace buƙata a awonmu, wanda ke Malumfashi da netwok ɗin waya ko a jikinsa. An sallami wani a Funtua tsakiyar wata, aka rufe sunansa a waje ɗaya, kafin ya sauka daga mashin babu sabar da ke sauraronsa. Ɗalibin ya sake gwada curl ɗinsa a gabanmu, daga waya-fai ƙofar ma ba ta amsa ba, daga injin nginx da hedar ƙarya 401 ya samu.

Abun da na gani a ciki

Hanyar Fabrairu ta faɗi ne don ta tura abun da ya fi ƙarfin aikin, sito na buƙatar sanin wane ne sai aka ba shi damar zama mutumin na sati biyu. Ta Maris akasin haka, ta tura suna ba tare da wata shaida ba. Ba na cewa hedar suna haramun ce, wurare da yawa da ita suke aiki lafiya, in manhajar na kan inji ɗaya da nginx tana sauraro a 127.0.0.1 kaɗai, wato daga cikin injin kawai, kuma zango ɗaya ne, ni ma zan bar ta. A nan injina uku ne a kan layin da masu dako ke hawa, ga zango na biyu, ga tsohon kod da ba mai shi. Laifina ne ban tsaya na tambayi ta ina kuma za a iya isa sito ba kafin in karɓi shadda.

Tokin ɗin ya zauna ne saboda kowace saba na iya duba shi da kanta ba sai ta yarda da hanyar da ya biyo ba, kuma ko an sace shi minti ɗaya ne da shi, a saba ɗaya. Fayawol ɗin ma bamu cire ba. In aka ce in zaɓi gyara guda da ya fi kowane arha, cire layin nan ne na in babu suna a sa admin, shi ya ɓoye matsalar shekara da shekaru.

Buhu 40 na Janairu dai ba a gano su ta kwamfuta ba, abun da ba a rubuta ba ba ya dawowa. Alhaji ya raba asarar tsakaninsa da reshen.

Yuli

Farkon Yuli aka sake samun saɓani a Daura, buhu 6 na kamfa, wannan karon da suna ɓaro-ɓaro da lokaci, 11:42 na safe. Aka kira mai sunan ya ce shi ranar yana Mai'adua ɗaurin aure, kuma gaskiya ne, akwai hotuna. Da aka matsa sai ya ce ya bar wa abokin aikinsa wayar shago a buɗe da sunansa don kar layi ya taru, kuma ashe haka suke yi duk ranar da wani zai fita, wanda ya fara shiga da safe da sunansa ake wuni.

Alhaji ya juyo ya kalle ni ya ce, "Malam, wannan ma akwai layin da za ka rubuta mashi?"

Na ce akwai, duk bashin da ya wuce buhu 5 wayar ta nemi yatsan mai sunan kafin ta tura. Ya ce a yi, amma shiddan nan mai suna zai biya huɗu, mai danna biyu.